Amsata ga Hajiya kan maganar ɗauko wa manyan manajoji koci

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya, ranki ya daɗe, na saurari saƙonki. Kin ce manyan manajojinku biyu sun ajiye aiki a jere, an ba ku shawarar ku ɗauko koci ya riƙa zama da sauran, kina tambaya ko abin na da amfani ko zubar da kuɗi ne. To ni abin da na jiyo a cikin tambayar shi ne, yaya za a yi waɗanda suka rage kada su bi sahu. Ita zan amsa.

Da farko dai aikin koci daban, bita daban, don na ga wani a nan ya riga ya haɗa su. Bita a tara mutane a zaure, a haska musu allo, a raba takardar shaida, kowa ya watse. Shi koci mutum ɗaya ne da manaja ɗaya, suna zama a kai a kai har tsawon watanni, kuma manajan ne ke yin yawancin maganar. Tsarin da aka fi sani, GROW, wanda John Whitmore na Ingila ya yaɗa tun 1992, tambayoyi huɗu ne kacal. Me kake son cimma? A gaskiya ina kake yanzu? Waɗanne hanyoyi ke gabanka? Wacce za ka bi, kuma yaushe? Shi ke nan fa. Duk wahalar tana kan tambaya ta biyu, domin babban manaja ba shi da wanda zai gaya wa gaskiyar inda yake. Na ƙasa da shi tsoronsa suke ji, takwarorinsa kujera ɗaya suke hange da shi, oga kuma shi ke riƙe da ƙarin girmansa. Wa zai tunkara ya ce aikin nan ya fara fin ƙarfina?

Kuma yana fin ƙarfin nasu, ba don ba su da ƙwazo ba. Tun 1969 Laurence Peter ya faɗi wannan, cewa ana ta ɗaga mutum saboda ya iya aikin da yake kai, har a kai shi matakin da bai iya ba. Kin ɗauki akanta mafi ƙwarewa kin ɗora shi kan mutane, alhali lissafi ya iya, bai taɓa koyon sasanta ma'aikata biyu da ba sa ga-maciji ba.

Amma ga abin da ke ƙona min rai. Akwai wani kamfani da na taɓa yi wa aiki, ba zan kama suna ba. Suka ɗauko wa wani manaja koci, bawan Allah yana ta murna an damu da ci gabansa. Ashe an riga an yanke shawarar sallamarsa, takarda kawai ake tarawa don a ce an ba shi dama. Duk abin da ya faɗa a ɗakin nan, cewa yana shakkar taron hukumar gudanarwa, cewa oga na tsallake shi yana ba yaransa umarni kai tsaye, kafin mako ya zagayo yana kan teburin oga. Har a taro aka maimaita masa kalmominsa, a gaban mutane! Kuma shi kocin ko a jikinsa, wai ai kamfani ne ya biya shi. Kamfani ya biya ka sai ka zama ɗan rahoto? Daga nan duk wanda aka ce an samo masa koci sai ya fara neman aiki a wani wuri. Wata ma cewa ta yi a ba ta takardar sallamar kawai a huta. Har kocin kirki da aka kawo daga baya, zama suke su yi masa murmushi, komai lafiya, aiki alhamdulillahi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kuma har na bar wurin shugabannin na cewa wai tsarin koci ba ya aiki. Su suka kashe shi da hannunsu.

Ina nake ma? Yawwa. Ki ba mutanenki mafiya ƙwazo koci, kuma kowa ya san don sun yi fice aka ba su. Dubi Eric Schmidt. Da ya karɓi shugabancin Google a 2001, John Doerr, ɗaya daga masu zuba jari a kamfanin, ya ce masa ya nemi koci. Da farko ransa bai so ba, yana ganin kamar an ce ya gaza. Wanda aka haɗa shi da shi, Bill Campbell, asalinsa kocin ƙwallon Amurka ne a Jami'ar Columbia, kuma shi ne dai ke ba Steve Jobs na Apple shawara. Suna tare shekara da shekaru, har Campbell ya rasu a 2016. In irin waɗannan na zama da koci, wane manaja ne zai ce ya wuce nan?

Sai dai kar in yi miki alƙawarin da ba nawa ba. Har na so in ce koci zai riƙe miki mutane... a'a, bari in daidaita maganar. Koci zai sa manaja ya ji ana gina shi, kuma wannan na sa mutum ya zauna. Amma in albashi ya yi ƙasa da na kasuwa, ko an toshe hanyar ƙarin girma, ko wanda ke samansa ne matsalar, koci ba zai gyara ba. Wani lokacin ma zaman ne zai buɗe masa ido ya gane tafiya ta fi masa. Shi ya sa nake cewa a fara daga sama. In biyun nan da suka tafi mutum ɗaya suke kai wa rahoto, to kin san wanda ya kamata ya fara zama da kocin, ko da kuwa ke ce, Hajiya, ki yi haƙuri.

Akwai kuma tsarin nan na jin ra'ayin na sama da na ƙasa da takwarori ba tare da an rubuta suna ba, yana da kyau a fara da shi, amma wannan doguwar magana ce, a bar ta.

Wajen zaɓen koci, ki tambayi takardar shaidarsa, don yanzu kowa koci ne a intanet. Ƙungiyar masu aikin koci ta duniya, ICF, wadda aka kafa a 1995, tana ba da shaida mataki-mataki, tana da ƙa'idar riƙe sirri. Ki bar manajan ya gana da mutum biyu ko uku ya zaɓa da kansa. Sannan ku zauna ku uku, ke da shi da kocin, ku rubuta burin da ake so da abin da za a riƙa sanar da kamfani. Ke naki ki ga sauyi a aiki, hirar cikin ɗaki tasu ce. Ki ma gwada kocin, ki ce kina son ya riƙa kawo miki duk abin da manajan ya faɗa. In ya amsa da to, ki yi masa godiya ki nemi wani.