Ina zan samu masu ciwon ƙugu irin nawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Shekaruna 62, na yi ritaya daga aikin koyarwa. Bayan hoton MRI an ce hanyar lakata ta tsuke a ƙugu, a takardar an rubuta spinal stenosis. Da na ɗan yi tafiya ko na daɗe a tsaye sai ƙafafuna su yi nauyi su sage, sai na nemi wurin zama. A gida gani ake raki nake yi, tunda a zaune lafiyata lau. Shin akwai ƙungiyar masu irin wannan ciwo da zan shiga, ko na samu wanda zai fahimce ni? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara wanke ka daga zargin raki. A cikin ƙashin baya akwai kafar da laka da jijiyoyin ƙafa ke bi. Idan shekaru suka ja, faifan da ke tsakanin ƙasusuwan kan motse, gaɓoɓin su yi kauri, sai kafar ta tsuke ta matse jijiyoyin. An fi samun haka tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar na ƙugu, duba takardarka ko za ka ga L4 da L5. Miƙewa tsaye na ƙara tsuke kafar, sunkuyawa da zama kuwa na ɗan buɗe ta. Shi ya sa doguwar tsayuwar tarawihi ke gallabar mai wannan ciwo, amma da liman ya yi ruku'u sai ya ji sanyi. Wani ma zai tuƙa keke daga Tudun Wada har Sabon Gari lafiya lau, amma takawa zuwa masallacin unguwa ta gagare shi. Wanda bai sani ba dole ya yi mamaki.

To, batun ƙungiya. Shawarata kada ka ɓata lokaci kana neman ofishi mai allo da sunan ciwon a ƙofa. Mutanen da kake nema suna nan zaune a kan bencin sashen gashin ƙashi, suna jiran layi. A Zariya kana da asibitin koyarwa na Shika. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano, a Sakkwato akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ranar da ka je, lura da wanda ya shigo yana ɗan ranƙwafawa a kan sanda, yana isowa ya faɗa kan benci yana ajiyar zuciya. Ka gaishe shi, ka tambaye shi jiki. Sau da yawa daga nan ake farawa.

Ka kuma gaya wa mai yi maka gashi abin da kake so. Ba zai ba ka lambar wani majinyaci ba, don sirrin mara lafiya amana ce, amma idan ka yarda zai iya ba wasu taka. Ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin ma wuri ne na tambaya ko akwai wani zama da aka riga aka fara. Mutum huɗu ko biyar sun isa. Ku sa haɗuwarku ranar da kuke da asibiti don kada kuɗin mota ya zama biyu, sauran kwanaki kuma a yi ta WhatsApp da saƙon murya, saboda ba kowane dattijo ke jure karatu a waya ba.

Ba sai sunan ciwonku ya zama ɗaya sak ba. Mai tsohon ciwon ƙugu da wanda aka yi wa tiyatar baya duk za su amfane ka. Inda nake ɗan taka birki shi ne ƙungiyoyin waɗanda lakarsu ta samu rauni a hatsari. Mutanen kirki ne, amma damuwarsu keken guragu ce da gyambon kwanciya da robar fitsari, kuma za ka iya fitowa da tsoron da ba naka ba. Tsukewar ƙugu a hankali take tafiya, da yawa sukan yi shekaru ba ta ƙaru ba, kuma ba kasafai take kai mutum ga shanyewa ba.

A Facebook akwai manyan zaurukan masu wannan ciwo, galibi da Turanci, yawancin mambobin kuma 'yan Amurka da Ingila. Suna da amfani idan kana son jin yadda mutum ke ji bayan tiyata. Sai dai ka riƙe abu ɗaya: wanda ya samu sauƙi yakan kama gabansa, wanda ke shan wuya shi ke kwana yana rubutu. Idan ka auna tiyata da labaransu kawai, za ka ɗauka babu wanda ta taɓa yi wa rana.

Abin da ya fi damuna shi ne zauren da mai sayar da magani ya buɗe. Alamarsa ba ta ɓuya: kowace tambaya amsarta kwalba ce da lambar asusu. Babu ƙwaya ko jiƙon da ke faɗaɗa kafar da ta tsuke. Haka nan shawarar "je kemis a haɗa maka". Shan diclofenac ko ibuprofen kullum na jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, balle ga mai hawan jini ko ciwon suga. Tramadol na kama jiki, har mutum ya kasa daina shan sa. Haɗin da aka sa dexamethasone kuwa zai ba ka sauƙi nan take, daga baya fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Tsukewar ƙugu kuma ba karaya ba ce, ba aikin mai ɗori ba ne. Kada ka tura hoton MRI ɗinka a zaure a yanke maka hukunci, domin munin hoto da tsananin ciwo ba kullum suke tafiya tare ba. Likita mutum yake dubawa kafin hoto.

Zaure mai kyau ƙananan abubuwa yake koya maka: riƙe 'yar kujera mai naɗewa zuwa ɗaurin aure ko jana'iza, raba tafiya gida-gida da hutu a tsakani, kwanciya a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, yin sallah a zaune ba tare da jin kunya ba, da tambayoyin da ya kamata a yi wa likitan tiyata. Wata rana ka tafi da uwargida ko babban ɗanka. Idan suka ji wani baƙo yana faɗin abin da ka daɗe kana faɗa, zancen raki zai mutu da kansa.

Doka ɗaya ce nake so kowane zaure ya kafa tun ranar farko. Duk wanda fitsari ya riƙe masa, ko fitsari da bayan gida suka fara zubo masa ba da saninsa ba, ko tsakanin cinyoyinsa da mazaunansa suka sage, ko ƙafa ta raunana farat ɗaya, ba a jiran shawarar kowa, sashen gaggawa za a kai shi a ranar, domin jinkiri na iya barin lahani na dindindin. Ciwon baya da ya haɗu da zazzaɓi da rama da gumin dare shi ma a koma asibiti, don tarin fuka na kama ƙashin baya. Idan kuma hannu ya fara kasa ɓalla maɓalli ko kofi na suɓucewa, a gaya wa likita ya duba wuya.