Kafin ka taɓa bis ɗin ralanti, bi man tun daga tanki

Ɗana, na saurari saƙonka bayan la'asar. Ka ce wani ɗan kabu-kabu ya kawo maka tsohon babur, CG 125, kullum da safe yana tarar da mai ya jiƙa ƙasa a ƙarƙashinsa, kuma in ya tsaya ya saki hannu sai injin ya yi tari ya mutu. Ka murɗa bis ɗin ralanti, ƙusar da ke daidaita bugun injin in babur na tsaye, gaba da baya bai daidaita ba, kana tambaya ko ka ce ya sayo sabon karbirato, wato abin da ke haɗa mai da iska kafin su shiga injin.

Kada ka ce masa haka. Mutumin da ke tara dala-dala tsakanin Kasuwar Dole da Sabon Gari ba a aika shi sayen abin da bai mutu ba. Kuma ka ɗauke hannu daga bis ɗin nan tukuna. Ina kyautata zaton yoyon da tarin ciwo ɗaya ne.

Kada ka wanke babur ɗin. Ƙurar Damagaram 'yar aikinmu ce: duk inda mai ke tsatsa, nan take mannewa ta yi baƙin danƙo. Tsuguna ka bi ta da ido tun daga gindin tanki, robine (famfon buɗe mai da rufe shi), tiyo, har kwanon karbirato. Inda danƙon ya fara daga sama, can ɓarnar take. Tiyon da rana ta gasa yakan tsage a baki; canza shi da na mai na gaske, ba irin farin nan na ruwa da ke ƙagewa cikin 'yan makonni ba, ka ɗaure bakinsa. In ka rufe robine ka zare tiyo amma mai na ci gaba da ɗiga, robar cikinsa ta gama aiki.

Amma yadda ka kwatanta, na fi zargin puwanto, allurar da ke rufe ƙofar mai in kwanon ya cika. Buɗe robine ka duba ɗan tiyon da ke saukowa daga ƙarƙashin kwano. In yana zuba, ɗan bubbuga kwanon da ƙotar turnabis. Ya tsaya? To datti ne ya tokare allurar, ta kasa rufe ƙofa, mai ya cika ya tumbatsa. Abin da ya zuba ƙasa ka gani. Wanda ba ka gani ba injin ne ke haɗiye shi, shi ya sa yake shaƙewa a ralanti. Ciro buji, za ka same shi baƙi ƙirin. Ka shinshina man injin ma, in yana warin esans sai an juye shi.

Kwance kwanon ka zuba abin da ke ciki a farin faranti. Jan gari kamar na barkono tsatsar tanki ce. Ɗigon da ke birgima a ƙasa shi kaɗai, ruwa ne, sau da yawa daga man kwalba na bakin hanya. Duba kan allurar a rana: in robar ta yi zobe, canza ta. Girgiza flotar, abin da ke yawo a kan mai yana tura allurar, kusa da kunne, in ka ji motsin ruwa ya huje. Ka mayar da su, ka kife karbiraton, ka hura ta inda mai ke shiga. Bai kamata iska ta wuce ba.

Sai ƙaramin jiklar, ɗan ƙarfe mai rami wanda ke ciyar da injin a tsaye. Raminsa bai kai na allurar ɗinki ba, ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta toshe shi. Ɗaga shi ka hangi haske ta ciki. Na sha ganin yara suna zura masa allura ko wayar ƙarfe, su faɗaɗa ramin, babur ya koma shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya. Iska za ka hura, in ya ƙi sai siririn gashin wayar wuta ta jan ƙarfe, a hankali.

In ka haɗa ka ji ralanti na hawa da kansa, ko yana jinkirin sauka bayan ka saki hannu, iska ce ke sata ta wuyan da ke tsakanin karbirato da injin. Shafa giris a mahaɗar; in murya ta canza, ka kama ɓarawon, sai sabon juwan, wato abin da ke like mahaɗar. Soson iska kuma ka wanke shi, da hunturu ba ya jimawa. Supap, wato bawul ɗin injin, ana auna tazararsu injin na sanyi, milimita 0.08 a CG. Bakin buji milimita 0.6 zuwa 0.7.

Yanzu ne lokacin bis. Bari injin ya yi zafi, ka shigar da ƙaramin bis, na daidaita mai da iska, har ya zauna, ban da matsewa, ka dawo da shi juyi ɗaya da rabi. Daga nan kaɗan-kaɗan har ka ji inda muryar ta fi tashi, sannan ka sauke ta da babban bis, na ralanti, zuwa wajen juyi 1,400 a minti. Ba ka da abin awo, na sani. Kunnenka zai nemi bugu mai tafiya daidai, ba gaggawa ba tuntuɓe.

In tankin kansa ne ya huje, sabulun wanki da 'yan kabu-kabu ke gogawa yana riƙewa, don esans ba ya narkar da shi, amma na kai mutum gida ne, ruwan farko zai tafi da shi. Silikon kuwa kada ka kusance shi, mai na jiƙa shi ya saki, gutsattsarinsa su gangara cikin jiklar. Juye tankin, ka goge wurin har ƙarfe ya yi fari, ka sa gam mai haɗi biyu, ya kwana. Walda ban yarda ka yi ba. Ina yaron shago aka kai wani tanki wurin mai walda, an juye shi tas, an ce babu ko ɗigo. Wuta na taɓa shi ya buga kamar bindiga, ya buɗe kamar ƙwarya. Tururin da ya rage ne. Mutumin ya tsira, amma kunnensa ɗaya bai sake ji ba.

Wanke tankin kafin ka mayar, in ba haka ba tsatsar za ta dawo da shi wurinka kafin Juma'a. Sa masa ɗan filtar a tiyo, ka ce ya riƙa rufe robine in zai kwana. Ka ɗauko mini hoton farantin nan da kan allurar in gani kafin ka sayi komai.