Me ya sa muke dawo da baƙi jirgi da sauran rana?

Ɗana, tambayar da ka yi mini jiya da daddare ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in zauna in ba ka amsa a tsanake kafin jirgin ruwanmu ya isa tsibirin Kozumel na ƙasar Meziko gobe. Cewa ka yi: "Maigida, mutanen nan wasunsu shekara guda suka yi suna tara kuɗi don su zo su ga tsibiran nan. Jirgi sai ƙarfe 5:00 zai tashi, mu kuwa ƙarfe 3:30 mun kwaso su mun dawo da su. Wannan ba tauye musu haƙƙi ba ne?" Na ji daɗin tambayar ƙwarai, don ta nuna mini baƙin suna ranka, kuma wanda baƙo ba ya ransa ba zai daɗe a wannan sana'a tamu ta kai fasinjoji yawo a tashoshi ba.

Da farko ka cire ƙarfe 5:00 daga lissafinka. Wannan lokacin kyaftin ne. Namu shi ne 4:30, lokacin da aka rubuta a allon da ke bakin gadar shiga jirgi cewa kowa ya kasance a ciki. A rabin awar da ke tsakani ake janye gada, a rufe ƙofofin gefe, jagoran tasha mai fitar da jirgi daga mashiga ya hau, masu kwance igiya su tsaya kowa a bakin turkensa. Duk mutanen nan an ba su lokaci tun kwanaki kafin mu zo, kuma idan sun gama da mu akwai wani jirgin da ke jiransu. Ba taurin zuciya ke sa kyaftin ya ƙi jira ba. Ɗauki misali tsakaninmu da tasha ta gaba mil 300 ne na teku, kuma an ba mu awa 15. Gudun mil 20 a awa ya ishe mu. Idan muka ɓata awa ɗaya a bakin tasha, sai mun yi kusan mil 21 da rabi a awa kafin mu isa a kan lokaci. A ido ƙarin ba shi da yawa, amma tambayi duk wani injiniya da ke ƙasan jirgin nan, zai faɗa maka shan mai ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, tsalle yake yi. Wannan ɗan ƙarin kaɗai na iya ƙara abin da injin ke sha a kowace awa da wajen kashi ɗaya cikin biyar. In kuma ba a ƙara gudun ba, mutum dubu huɗu ne za su rasa safiyarsu a tsibiri na gaba saboda mutum biyu.

To, daga 4:30 ɗin nan muke fara gina rana, muna komawa da baya. Wanda bai iya aikin ba daga safe yake fara lissafi: mu je nan, mu leƙa can, mu ci abinci, sai ya ga abin da ya rage. Mu daga yamma muke farawa.

Bari in yi maka da tafiyar gobe, tunda kai za ka riƙe mota ta biyu zuwa Tulum. Kozumel tsibiri ne, Tulum kuwa tana kan babbar ƙasar Meziko. Sai an hau jirgin fito zuwa Pilaya del Karmen, wajen minti 45, sannan a shiga mota a yi kudu kamar awa ɗaya. Zuwa da dawowa ka ga awa uku da rabi sun tafi ba a ga komai ba tukuna. Ƙara tafiyar ƙasa daga bakin ruwa zuwa inda motoci ke tsayawa, ƙara layin banɗaki, wanda sababbin shiga kullum suke mantawa da shi, ƙara tsohuwa mai sanda da ba za ka ce mata ta yi sauri ba. Abin da zai rage maka a cikin kangon birnin bai fi awa biyu ba. Kuma wallahi wurin ya cancanci yini guda. Tsohon birni ne na mutanen Maya, 'yan asalin yankin, mai ganuwa ta ɓangare uku, na huɗun teku ne, ginin dutse a kan gaɓa mai tsayin kusan mita 12, ruwa shuɗi a ƙasa, manyan ƙadangaru kwance a kan duwatsu suna shan hantsi. Ya yi tashensa tsakanin ƙarni na 13 da na 15. Za ka ga baƙi sun tsaya sun yi shiru, kuma ranka ba zai so ka ɗaga tutarka ka ce a tafi ba. Ka ɗaga. Jirgin fito yana da nasa lokacin, in ya wuce ka sai ka jira na gaba, kuma mashigin ruwan da ke tsakanin tsibirin da gaɓa ba kullum yake kwance ba. Ranar da iska ta taso, tafiyar takan yi tsawo, rabin mutanenka kansu a cikin leda, su sauko jiri na ɗibarsu, ba mai iya ɗaga ƙafa da sauri. Awa ɗayan nan da kake ganin mun ƙwace wa baƙi, ajiya ce muka yi saboda irin wannan rana. Ranar da ba mu taɓa ta ba, sai su kashe ta a shagunan bakin tasha, jirgi na gabansu suna kallonsa, hankalinsu kwance.

Sai maganar agogo, wadda ta fi kowace cin mutane. Tun 2015 jihar Kintana Ro, inda Kozumel take, ta tsaya a kan lokaci ɗaya duk shekara. Jamaika da tsibiran Kayman su ma ba sa taɓa agogonsu. Mayami ta Amurka kuwa, inda muka taso, tana tura nata gaba da awa ɗaya daga Maris zuwa farkon Nuwamba. Wani kyaftin yakan sa a juya agogon jirgi ya dace da na gari, wani kuma yakan bar shi a kan na tashar da aka taso. Idan aka bar shi, to a watannin nan ƙarfe 4:30 na jirgi shi ne 3:30 na gari. Wayar hannu ba ruwanta da wannan. Da zarar ta kama sabis ɗin tsibirin sai ta juya kanta, mai ita bai sani ba.

Na ga abin da wannan ke jawowa da idona, kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Wani dattijo ne da matarsa, a wani jirgi da na yi aiki shekarun baya. Ba su sayi yawo a wurinmu ba, tasi suka ɗauka da kansu zuwa gabashin tsibirin, inda babu cunkoso, kuma ba laifi ba ne yin haka. Ka san kowane fasinja katinsa ake dannawa a na'ura in zai fita da in ya dawo, don haka ƙarfe 4:30 kwamfuta ta nuna saura mutum biyu. Aka kira sunansu a lasifika sau uku. Aka buga wayarsu, ba ta shiga. Jami'in tsaro ya hau ɗakinsu da shaida, aka buɗe akwatin ajiya aka ɗauko fasfo ɗinsu. A kan teburin gefen gado akwai 'yar robar magani mai gida bakwai, kowace rana da nata, sai na ce a haɗa da ita. Ni na sauka da su a cikin ambulan na miƙa wa wakilinmu na tasha, na dawo, aka janye gada a bayana. Kyaftin ya ƙara minti goma sha biyar, ya busa ƙaho. An saki igiyar ƙarshe ke nan sai ga su a can farkon doguwar gadar tashar, dattijon na gudu da jaka a hannu, matar na biye da shi takalminta ɗaya ya cire. Da suka iso, ruwan da ke tsakaninmu da su bai fi faɗin ɗaki biyu ba, amma jirgi mai wannan nauyi in ya rabu da gaɓa ya rabu ke nan. Mutumin ya ɗaga wayarsa sama yana nuna mana fuskarta. Ƙarfe 4:20 take nunawa. A lissafinsa da sauran minti goma ya zo. Matar ta zauna a kan turken ƙarfen da aka kwance igiyarmu, ta rufe fuska. Sai da suka kwana a otal, suka sayi tikitin jirgin sama da kuɗinsu, sannan suka same mu bayan kwana biyu.

Tun daga ranar ba na barin baƙo ya sauka daga motata ban sa shi ya faɗi lokacin dawowa da bakinsa ba. Kai ma haka za ka yi. Ka ɗaga agogon hannunka, mai allura, wanda ba ya juya kansa, ka ce ga lokacin jirgi, kowa ya duba nasa. Ka faɗa da safe, ka maimaita kafin a watse a Tulum. Wanda ya ce shi da wayarsa yake aiki, ka tsaya a kansa har ya kashe abin da ke sauya lokaci da kansa.

Akwai kuma nauyin da ke kanmu wanda ba ya kan direban tasi. Duk wanda ya sayi yawo ta hannun jirgi an yi masa alkawarin ba za a tafi a bar shi ba. Wannan alkawari shi ne rabin abin da muke sayarwa. Ma'anarsa, in motarka ta makara, jirgi dukansa ne zai tsaya saboda kai, kuma kyaftin zai so ya ji dalili daga bakina. Don haka in taya ta fashe ko hanya ta cushe, kada ka ce bari in ga ko za mu kuɓuta. Ka kira ni nan take. Labarin da ya zo mini ƙarfe 2:00 ina da abin yi a kansa, wanda ya zo ƙarfe 4:00 sai dai addu'a. Kuma ƙirgen kai, a kowace shiga mota, da kanka, kana taɓa kujera ɗaya bayan ɗaya. Kada ka tambayi mutane ko kowa ya shigo. Wanda ba ya nan ba zai amsa ba.

Kowace tasha da halinta, za ka san su a hankali. A Jojtawun ta Babban Kayman babu gadar da manyan jirage ke jingina, a waje muke tsayawa, ƙananan jirage su riƙa jigilar mutane zuwa gaɓa. Birnin Beliz ma haka, har ya fi nisa, saboda ruwan bakin garin ba shi da zurfi. A irin waɗannan wurare lokacin da za ka riƙe shi ne na ƙaramin jirgin ƙarshe, kuma layinsa kan yi tsawo a cikin rana tsaka. Ranar da igiyar ruwa ta yi ƙarfi kyaftin kan soke tashar ɗungurungum, baƙi su yi ta fushi a gaban teburinmu. Ka saurare su da haƙuri, amma kada ka taɓa nuna musu kana ganin an yi kuskure. Wanda ya taɓa riƙe hannun tsoho yana ƙoƙarin taka ƙaramin jirgin da ke hawa da sauka da tsayin mutum ya san ruwa ba sa'an kwando ba ne. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba kuma lokacin guguwa ne a Tekun Karibiyan, hanya kan canza cikin dare, ka kwanta da shirin wani tsibiri ka tashi a wani.

A Oco Riyos ta Jamaika, magangarar ruwan Kogin Dun tana kusa da tasha, amma hawanta ake yi a jere, hannu riƙe da hannu a kan duwatsu masu santsi, kuma tafiyar jerin gwano tafiyar mafi rauni ce. A Nasau ta Bahamas kuwa jirgi a cikin gari yake tsayawa, kuma abin da zai ba ka mamaki, a irin nan aka fi makara. Wanda ya yi nisa yana tsoro, yana duba agogo. Wanda ke zaune yana hango bututun jirgi shi ke sakin jiki.

Abu ɗaya da nake so ya zame maka ɗabi'a: kowane dare ka duba jirage nawa za su kwana da niyyar tashar da za mu shiga. Kozumel a lokacin sanyi takan karɓi shida ko bakwai a rana ɗaya, kuma jiragen yanzu ba irin na da ba ne. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, shi kaɗai yana iya ɗaukar fasinja 7,600. Hanyar da ka bi cikin minti goma ranar da muke mu kaɗai, ranar taro sai ta ci rabin awa. Ga shi tsibirin gadojin jirage uku gare shi, Punta Langosta a cikin gari, sauran biyun kuma a kudu. Baƙo yakan ce wa direba kai ni wurin jirgi, a sauke shi a inda ba nasa ba. Shi ya sa nake sa ku rubuta sunan gadarmu da lambar wakilin tasha a ɗan kati ku ba kowa.

Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne, baƙo bai kamata ya ji ana kora shi kamar garke ba. Maganin wannan yana wurin tsara yawon tun farko. In aka cusa wuri uku a rana ɗaya, kango da bakin teku da kasuwa, to duk ranar a gaggauce za a yi ta, kuma da yamma ba abin da zai zauna a ran mutum. Ni na fi son wuri ɗaya, a bar mutum ya zauna a inuwa ya kalli ruwa har ya ƙoshi. Tsoron agogo kai za ka ɗauke shi a cikinka, fuskarka a sake, su kuwa su ji kamar ranar ba ta da iyaka.

Yanzu ɗauki takarda ka rubuta 4:30 a can ƙasa, ka hau sama da lissafin gobe mataki mataki har zuwa lokacin da za mu tara mutane da safe. Ka kawo mini kafin ka kwanta mu duba tare. Ka sa rediyonka a caji, ka ɗauki ledoji a ofis saboda jirgin fito, don na ga hasashen iskar gobe daga arewa take.