Tambaya da Amsa: Ina ya dace a tsaya a kalli duwatsun Adnyamathanha?

Tambaya: Ina karatu a birnin Adelaide na ƙasar Ostireliya, ina so in je duwatsun Flinders a hutu. Ina zan tsaya in ga wurin sosai ba tare da na keta al'adar masu ƙasar ba?

Amsa: Fara da Stokes Hill, wani tudu kamar kilomita 20 daga masaukin baƙi na Wilpena a kan hanyar garin Blinman. A samansa akwai alluna masu bayanin tarihin Adnyamathanha, 'yan asalin yankin, wato "mutanen duwatsu". Daga nan za ka hango Ikara, kwarin da Turawa suka kira Wilpena Pound, mai tsawon kusan kilomita 17 da faɗin kilomita 8. Ikara na nufin wurin taro, kuma a 2016 aka saka sunan a gaban sunan gandun dajin ƙasa na Flinders Ranges, bayan kotu ta tabbatar musu da haƙƙin ƙasarsu a 2009.

Ka karanta allunan kafin ka ɗaga waya. A labarinsu na halitta, duwatsun da suka zagaye kwarin jikin manyan macizai biyu ne, Akurra, waɗanda suka kewaye mutanen da suka taru don biki. Ƙololuwar St Mary, wadda suke kira Ngarri Mudlanha, mai tsayin kusan mita 1,170, kan ɗaya daga cikin macizan ne. Shi ya sa suke roƙon baƙi kada su taka samanta. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, don hanyar ba a katange take ba. In ka bi ta, tsaya a Tanderra Saddle, wani wuri a kan hanyar kafin a kai ƙololuwar, ka juyo. Roƙon mai gida ya isa hujja.

A Arkaroo Rock kuma za ka ga zanen labarin a jikin dutse da gawayi da jar ƙasa. Tafiyar ƙafa ce ta kamar awa 2, zuwa da dawowa. Kwazazzabon Sacred Canyon ba a shigarsa sai da jagora daga cikinsu.

Ka je tsakanin Afrilu da Oktoba. Disamba zuwa Fabrairu bazararsu ce, zafi kan haura digiri 40, ana rufe dogayen hanyoyi. Ɗauki ruwa aƙalla lita 3. Hawan Stokes Hill a mota akwai gangare, ba a jan tirela. Kuma ka sauko kafin duhu ya yi, domin da almuru dabbar kangaru ke fitowa kan titi, lokacin ne aka fi yin karo da ita.