Amsa ga telan da ke son su haɗa kekuna su buɗe shagonsu

Ɗan'uwa, ina karanta tambayarka gabana na faɗuwa. Ka ce ku teloli 11 ne, kun gaji da yi wa oga aiki, za ku haɗa kekuna ku buɗe shago na kowa da kowa, amma wanda ya fi zuba kuɗi yana so a bar masa ragama. To wallahi a daidai nan muka karye.

Mu 12 muka fara a nan Kano. Wanda ya kawo injin aikin surfani da janareta shi muka ba ma'aji, don kunya, ga shi kuma ɗan gwaggona ne. Asusunsa na banki kuɗinmu ke shiga. Wata makaranta ta ba mu ɗinkin yunifom, ta biya kafin alƙalami, muka ce ya shiga Kantin Kwari ya sayo yadi. Kwana uku wayarsa a kashe. Da ya bayyana sai cewa ya yi wai ya ɗan juya kuɗin a harkar shinkafa, mu yi haƙuri. Ni na tsaya gaban hedimasta ina murza hula, ɗalibai na leƙe ta taga. Ƙarshe keken Butterfly ɗin da na koyi ɗinki a kansa na sayar muka cike kuɗin mutane. Har yau in mun haɗu wajen ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu, har da murmushi. Gwaggo kuwa cewa ta yi na tona asirin dangi. Ni!

Don Allah kada ku karɓi ko sisi sai kun je sashen ƙungiyoyin gama kai na jiharku kun yi rajista. Mutum 10 sun isa. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ma ta raba muku gardama: kowa ƙuri'a ɗaya gare shi, kuma ba wanda zai riƙe fiye da kashi ɗaya cikin biyar na jari. Mai kuɗin naku in yana son shugabanci ya tsaya zaɓe. Asusu da sunan ƙungiya, mutum uku su sa hannu.

Mu bakwai da muka rage, duk Alhamis muke biyan kowa gwargwadon kayan da ya ɗinka, ribar kuma sai bayan Babbar Sallah, bayan an ware kashi ɗaya cikin huɗu na ko-ta-kwana. Sakatarenmu yana karanta littafi a bainar kowa, har kuɗin allura da man keke.

Af, janaretan nan ma kada ku yarda ya zama na mutum ɗaya. Namu ranar da aka yi rigima ma'ajin nan ya turo a-daidaita-sahu aka ɗauke shi, ana saura kwana tara sallah, shadda jibge a kan tebur. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 muka yi karo-karo muka sa sola, dutsen guga kuma muka koma na gawayi.

Yaran da ke koyo a hannunku fa? Ku rubuta tun yanzu shekara nawa yaro zai yi kafin ya zama mamba, mu har yau muna ja-in-ja a kan wannan.