'Yata tana kira na cikin dare tana kuka, mahaifinta ya ce ta koma ɗakinta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce mai shekara 58, ina zaune a Funtuwa. 'Yata ta uku tana aure a Kano shekara huɗu ke nan, da 'ya'ya biyu. Tun bayan ƙaramar salla kusan kullum sai ta kira ni da dare tana kuka, wai mijin ba ya zaman gida, kuɗin cefane ma sai ta yi ta bi. Sau biyu tana yin yaji, duka biyun ko mayafi ba ta cire ba mahaifinta ya sa ƙaninta ya raka ta tasha. Ni kuwa zuciyata cewa take in kira yaron nan in wanke shi tas. Nakan tura mata dubu goma ko ashirin a ɓoye. Yaya zan yi? — Wata uwa, Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanyaya miki. Kukan ɗiya a waya da tsakar dare, ke kina nan hannunki ba ya kai wa gare ta, na san zafinsa.

Kada ki kira shi, aƙalla ba yanzu ba. Na taɓa yi. Babbar 'yata ta kira ni tana shessheƙa, ban tsaya jin komai ba na ɗauki waya na gaya wa mijinta maganganun da har yau nake nadamarsu. Kwana biyu suka shirya. Shi kuwa kusan shekara biyu idan ya zo gaishe mu daga zaure yake juyawa, abincin gidana ma ba ya ci. Ita kanta daga baya ta daina gaya mini damuwarta, don ta ga inda nake kai ta. Miji da mata suna da daren da za su huce tare, suruka ba ta da shi.

Akwai wani labari a cikin Bukhari da Muslim da nake yawan komawa gare shi. Manzon Allah (SAW) ya je gidan Nana Faɗima bai tarar da Sayyidina Ali ba. Ya tambaye ta, ta ce wani abu ne ya shiga tsakaninsu, ya yi fushi ya fita. Aka nemo shi kwance a masallaci, mayafinsa ya zame, ƙasa ta taɓa jikinsa. Annabi ya je da kansa yana kakkaɓe masa ƙasar, yana ce masa ya tashi, yana kiransa Abu Turab, wato ma'abocin turɓaya. A ruwayar ba a ce ya tambayi wane ne mai laifi ba, alhali 'yarsa ce ta cikinsa. Sunan nan kuma ya zama wanda Sayyidina Ali ya fi so a kira shi da shi.

To amma ban goyi bayan abin da Alhaji yake yi ba, ki gaya masa ni na faɗa. Na san a haka aka raine mu, a ce wa yarinya ta yi haƙuri, aure ibada ne, a juya ta tun ƙafarta ba ta huce ba. Manufar kirki ce, ana gudun ta saba. Sai dai wadda ta shiga mota daga Kano har Funtuwa da goyo a baya, ta cancanci a ba ta ruwa, ta kwana, da safe mahaifinta ya zaunar da ita ya ji. Yaji ma ai da biko yake tafiya. Idan aka mayar da ita kafin mijin ya taka ƙafarsa ya zo, an nuna masa babu mai tambayarsa, ita kuma an nuna mata ba ta da wurin zuwa. Irin wannan ne ke sa mace ta shanye abin da bai kamata ta shanye ba, sai an ji labarinta a gadon asibiti.

Idan ta sake kira, ki bar ta ta gama. Sannan ki yi mata tambaya kai tsaye: yana dukanki? Akwai ranar da yara suka kwana da yunwa? Sana'arsa ce ta karye, ko yana da shi yake hanawa? Ke me kike so a yi? Wannan ta ƙarshen kada ki tsallake ta. Uwar 'ya'ya biyu ce yanzu, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wata kukan kawai take so ta sauke a wurin wadda ba za ta kai shi gaba ba.

Idan amsar ta nuna duka ko hana abinci da gangan, maganar ta wuce "yi haƙuri". Ci da sha da sutura da wurin kwana haƙƙinta ne a kansa. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Wannan aikin waliyyinta ne da wanda ya karɓa wa yaron aure, su zauna ido da ido. Idan hakan ya gagara, Hukumar Hisbah ta Kano tana zaman sulhun ma'aurata, bayanta kuma akwai alƙali, wanda a mazhabarmu ta Malikiyya yana da ikon raba aure idan cutarwa ta tabbata.

Batun kuɗi, ki daina ɓoyon. Ranar da mijin ya gani a wayarta zai ɗauka an raina shi, ranar da Alhaji ya ji kuma ke ce a ciki. Ki aika buhun masara da kaka, da sunan jikokinki, kowa ya gani. Dubu goma-goman nan ki tara su, ki tambaye ta sana'ar da za ta iya a cikin gida, ki ba ta jari da sanin mijinta.

Ki sami Alhaji bayan sallar isha'i, lokacin da ya ci abinci ya natsu. Abu ɗaya za ki roƙe shi: idan ta sake zuwa, ta kwana. Ki rubuto mini abin da ya ce.