Hannu na ciwo ana tsakiyar ƙuruciya: me ya kamata a saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 26, ɗinki nake yi a Hotoro da ke Kano, da yamma kuma kitso. Kwanan nan yatsun hannuna na dama suna mutuwa cikin dare, sai na farka na yi ta yarfe hannun. Wata ƙawata ta ce in sayi man zafi, wata kuma ta ce abin ɗaure wuyan hannu. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Daren yau ki lura da yatsun da ke mutuwa. In babban yatsa ne da manuni da na tsakiya, ƙaramin kuma lafiyarsa lau, to da alama jijiyar da ke bi ta wata ƴar kafa a wuyan hannu ce ke matsewa. Almakashi da kitso suna jawo hakan, haka ma juna biyu da ciwon suga. Man zafi fata kawai zai ɗumama. Ki sayi abin ɗaurewar, amma mai ƙarfe ko roba mai tauri a ciki, wanda zai hana hannun lanƙwashewa in kina barci. Na dama daban, na hagu daban, don haka ki gwada shi a kantin kafin ki biya, kuma kada ki tamke shi tamau. Idan kika yi wata guda zuwa mako shida babu sauƙi, ko kika ga tsokar gindin babban yatsa tana ramewa, allura na suɓuce miki, sai ki nufi Asibitin Ƙashi na Dala.

Tambaya: Ni mai gyaran waya ne a Farm Centre, shekaruna 29. Gaɓoɓin yatsuna na hannu biyu sun kumbura. Da asuba ko buta ba na iya riƙewa, sai hantsi suke sakewa. Wani mai kemis yana haɗa mini ƙwayoyi a leda, ina sha ina jin daɗi. Hajiyarmu ta ce sanyi ne, a sayo jiƙo. In ci gaba da haɗin ko in koma jiƙon?

Amsa: Ƙanena, ko ɗaya. Irin wannan haɗi sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, sannan a jefa prednisolone ko dexamethasone. Su ne ke sa mutum ya miƙe garau washegari, shi ya sa ake cewa mai kemis ɗin ya iya magani. To amma na farkon suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda. Na biyun kuwa su kumbura fuska, su ɗaga suga da hawan jini, su raunana ƙashi. Duk wannan ana yi, ciwon na can yana cin gaɓa a ɓoye.

Abin da ka zayyano, wato hannu biyu a tare, kumburi, da sandarewar safe da ke wuce rabin awa, ya yi kama da amosanin gaɓɓai da garkuwar jiki ke haddasawa idan ta juya kan mai ita. Ya fi kama mata, amma maza ba su tsira ba, kuma ba ya jiran tsufa. Yana da magani na gaske, irin su methotrexate da ake sha sau ɗaya a mako bisa kulawar likita, kuma ya fi amfani idan an fara shi a watannin farko, tun yatsu ba su karkace ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuɗin jiƙo da na haɗin nan, tara su ka je Asibitin Malam Aminu Kano a yi maka gwajin jini na kumburi da na amosanin. Ka tafi da ledar ƙwayoyin a aljihu likita ya gani, kuma idan ka jima kana sha kada ka yanke rana ɗaya, a hankali ake janye su. In akwai fitar ruwa a gaba ko zafin fitsari, faɗa masa ba kunya, don wasu cututtukan saduwa ma suna sauka a gaɓa. Ita kuwa Hajiya, ka lallaɓa ta. Ciwonka ne ke damunta, ba jiƙon ba.

Tambaya: Ɗalibi ne ni a Jami'ar Bayero ta Kano (BUK). Duk hunturu ƙasusuwana ciwo suke, tun ina yaro. Wane maganin ƙarin jini zan saya?

Amsa: Ka san jinotaif ɗinka, wato nau'in jinin da ka gada, wanda ke nuna ko kana da sikila? In ba ka sani ba, gwajin sikila za ka fara biya wa kuɗi. Sanyi da ƙarancin shan ruwa suna tayar da ciwon, kuma mai sikila bai kamata ya riƙa shan maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe (ayon) ba sai likita ya ce. Kafin sakamako ya fito, ka sha ruwa sosai, ka rufe jikinka da asuba. Ranar da gaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, kada ka kwana a hostel, ka wuce asibiti a ranar.